Ba a Kiran Sunan Ɗan Fari

…ba iska ba ce, Inna. Na san ba iska ba ce. Iska ba ta jira sai an ba yaro ƙwaya sannan ta zo. Amma wa zan faɗa wa? Hajiya tana gaba kusa da direba, carbi na gudu a hannunta, tana karantawa tana juyowa tana tofa masa, a fuska, a wuya, har a bayan hannuna. Ni kuma ina nan baya da jikanta a kan cinyata. Suruka ta gari. Mai kunya. Wadda kika haifa kika koya wa zama da mutane kafin ki koma ga Allah. Kin ga aikinki?

Wuyansa. Dubi wuyansa, Inna. Ya karkace ya koma wajen taga, haɓa na neman kafaɗa, kamar akuyar da aka ja da igiya. Ina sa tafin hannu in dawo da shi a hankali — ya ƙi. Ice ne. Idanun sun tafi sama, fari kawai nake gani. Harshen ya leƙo waje ya ƙi komawa, yawu na bin zanena.

Kuma yana ji. Abin da ke cin raina ke nan. Ba suma ya yi ba. Yana ciki, yana jin komai, yana jin tofin, shi da ko ɗigon ruwan sama ya taɓa masa fuska sai ya yi ihu…

Motar ba ta motsi. Mun baro Ɗan Issa, mun wuce jandarmomin Nijar, mun shigo ɓangarenmu, ga shingen iyaka can ina hangen ƙarfensa. Wata babbar mota ce mai albasa ta karye a bakin hanya ta gindaya, ana sauke buhu ɗaya-ɗaya kamar ba gobe. Warin albasa, warin fetur daga jarkokin 'yan acaba, rana a tsakar ka. Ɗantala direba ya kashe inji don kada mai ya ƙone. Yana sakace. Sakace yake yi, Inna.

Da can nan ne wurin da yaron nan ya fi so a duniya. Layin manyan motoci. In mun biyo ta nan ya manna goshi da gilashi, ya yi ta kaɗa hannuwa yana dariyar da ba ya yi wa kowa. A gida ma haka, marafan kwalbar lemo ya jera su daga bakin ɗaki har bakin rijiya, ja da ja, kore da kore, kaza ta taka ɗaya ranar ba mai cin tuwo cikin kwanciyar hankali. Yau ga layin motocin a gabansa, an ma juya masa fuska wajensu, amma idon na kallon rufin mota.

“Ɗantala, in mun hita ka yi hagu. Daddara za mu, wajen Malam Maharazu. Shi ya san makarin abin ga.”

“To, Hajiya.”

To, Hajiya. Kowa to, Hajiya. Ni ma shekara goma ina to, Hajiya.

Hagu Daddara. Dama Jibiya, inda asibiti yake. Ana wuce shinge, kafin a ce kwabo an kai mararrabar Magama. Hagu ko dama. Hagu tofi da hayaƙi da ruƙiyya a cikin kunne, a danne shi mutum huɗu, shi da ba ya son a riƙe masa ko yatsa. Ba na raina ayar Allah, wallahi ba na rainawa, ni ma ina karanta masa kullum. Amma wannan… wannan an gaya mani shi. An gaya mani da baki, tun kafin ya zo.

Likitar Katsina. 'Yar siririya mai gilashi, da ƙaramin ciki a gaba. Ta bari sai da Hajiya ta shiga layin karɓar magani, ta kamo mayafina a baranda. Ta ce maman yaro, ke nake so ki ji. Maganin ɗigon nan da na rubuta masa ba warkar da shi zai yi ba, don abin da yake da shi ba ciwo ba ne da ake shan magani ya fita. Don buga kai da bango ne kawai, da barci. Kada a haɗa masa da wani magani ban sani ba, ko wa ya bayar. In kika ga wuyansa ya sandare, ko ido ya juye, ko harshe ya fito, ba aljani ba ne, magani ne ya yi masa yawa. Ki ruga asibiti mafi kusa, akwai allurar da ke sakinsa. Kada ki jira, don wani lokaci yana kama maƙogwaro.

Maƙogwaro.

Ina kasa kunne. Numfashin na fita… yana fita. Da 'yar ƙara, siririya, kamar iska ta ƙofar langa-langa. Ɗazu akwai ƙarar nan? A Ɗan Issa akwai ta? Ban sani ba. Ban sani ba, Inna, kunnena ne ko shi ne?

Otizim, likitar ta ce. A rediyo na ji suna cewa galahanga, na tsani kalmar, kamar zagi. Kafin ita kowa ya ba shi nasa suna. Malamin makaranta ya ce taurin kai, ya sa bulala, ya dawo mani da shi da sawu a gadon baya. Mai kyamis ɗin unguwa ya ce kurma ne. Kurma! Yaron da ke jin motar mahaifinsa tun tana kwanar masallaci. Maƙwabta suka ce an yi wanka da magariba da cikinsa. Hajiya ta ce mutanen ɓoye ne suka shafe shi a gindin tsamiya. Kowa da sunan da ya raɗa wa abin da ke damunsa, har sun fi sunan yanka yawa.

Sunan yanka…

Ranar nan a ɗakin likita. Ta ɗauki katinsa ta karanta sunan, ta kira. Ta sake kira. Yana can yana jera marafai a gefen teburinta, ko gezau. Ta rubuta wani abu. Sai ta dube ni, ni, ba Hajiya ba, ta ce, maman yaro, a gida in kin kira sunansa yana waigowa?

Me zan ce? Na dubi yatsun ƙafata. Hajiya ta yi dariya har da tafi, ta ce likita ke ba Bahaushiya ba ce? Ɗan fari ne fa. Ina uwa ina kiran sunan ɗan fari?

Kuma ba ni kaɗai ba. Sunan kakansa aka sa masa, mijin Hajiya, Allah ya ji ƙansa. Ita ba ta faɗin sunan miji, sai ta ce Malam Ƙarami. Mahaifinsa ba ya faɗin sunan uba, sai ya ce Abba. Ƙanwarsa Mutmainna ta ce Yaya. Yaro shekara tara, sunansa na kwance a kati kamar kayan aro, ba wanda ya taɓa jefa masa shi a tsakar gida. To da me zai waigo? Ban ce likita ta yi kuskure ba. Na san ɗana — astagfirullah, kin ji ni, ɗana — na san yaron nan daban yake tun yana goye, bai taɓa kallon idona yana shan nono ba. Amma wannan tambayar ɗaya, har yau ba wanda ya san amsarta. Har ni.

Ni ƙwanƙwasawa nake yi. Sau biyu, a gefen kwano ko a ƙyaure. Ƙwas, ƙwas. Duk inda yake sai ya taso. Ban gaya wa likita ba. A gaban Hajiya zan ce ina da yadda nake kiransa, mu biyu, ba wanda ya sani? A ce Na'ima ta zama irin matan zamani masu lasar 'ya'yansu a gaban surukai?

Ke kika ce, Inna. Ranar da za a kai ni gidan miji. Ɗan fari ba naki ba ne, na kakanni ne. Ko faɗuwa ya yi a gabanki ki kau da kai, akwai masu ɗagawa. Na kau da kai. Na iya sosai. Har wuyana ya saba, ga shi yau nasa ne ya kau ya ƙi dawowa.

Buhu nawa ne a motar albasar nan? Wani ƙato ya ɗauka ya tsaya yana gardama da shi a ka. Ku yi sauri mana. Ku yi sauri, don girman Allah…

Waya. Ina lalubo ta da hannu ɗaya. Lambar likitar na ciki. Ba sabis. A nan kullum haka ne, layin Nijar ya sake ka, na Najeriya bai kama ka ba, kana tsakiya kamar ba ka da ƙasa. Mahaifinsa yana Legas da motar shanu. Ko na same shi me zai ce? A bi abin da Hajiya ta ce. Mutumin kirki ne, ba na zaginsa. Shi ma to, Hajiya ne, tun kafin ni.

Da ba mu je sunan nan ba. Na faɗa a raina, a raina kawai, kullum a raina. Jikar ƙanwar Hajiya aka yi wa suna a Maraɗi, an ce a zo da Malam Ƙarami dangi su gan shi. Suka gan shi kuwa. Lasifika biyu a tsakar gida, guɗa a kan guɗa, mata na jan kumatunsa, wata ta fesa masa turare. Ya toshe kunne. Ya fara lilo da jiki. Na gani, na san abin da ke tafe kamar yadda ake ganin hadari, ina tsaye da faranti a hannu, ban isa in ratsa taro in ɗauke shi ba, ido ya yi yawa. Sai ya ciji hannunsa. Sai kai da bango. Sai ihu —

Maraɗi, Maraɗi, saura mutum ɗaya! Maraɗi, saura mutum ɗaya!

Mata suka watse, wata ta bar takalmi. Aka ce ga mutanen ɓoye nan sun hau, suna neman cikon mutum ɗaya su tafi da shi. Inna, kiran 'yan kamasho ne. Na tashar Magama. Tun yana ɗan shekara huɗu ya ɗauke shi, da muryar da komai, har da tarin da mutumin ke yi a ƙarshe. In ya tsorata shi yake faɗa. In yana so a tafi gida shi yake faɗa. Cewa yake a cika mota mu bar nan. Ni na sani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mai ɗakin an ce kada ta yi magana.

Hajiya ta ji kunya a gaban danginta, na ga fuskarta, har ta ba ni tausayi. Tana sonsa, kada ki ce ba ta sonsa. Ita ta yi jinyarsa da ya yi ƙyanda, ita ke tauna masa nama. Ta ja shi sai wani ɗan shagon magani a bayan kasuwa, wajen wani mai farar riga da suke kira lokotoro. Ni ina bakin ƙofa, rabi ciki rabi waje, inda uwar ɗan fari take tsayawa. Ya tambaya, yana magana shi kaɗai? Ta ce dare da rana, da waɗanda ba mu gani. Ya gyaɗa kai kamar ya gama ganewa, ko duban yaron bai yi sosai ba. Ya ce taɓin hankali ne, yana kama yara ma. Ya tambaya ko yana shan wani abu. Ta ce ba ya shan komai, sai wani ɗan ɗigo kamar maganin ido.

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Iska ce kawai ta fita.

'Yan ƙwayoyi ƙanana, farare, a ƙullin leda. Safe da dare. Ta ba shi da hannunta a cikin fura. Ni kuma da na keɓe na ɗiga masa nasa a kunu, don likita ta ce kada a yanke shi farat ɗaya. Ita da nata, ni da nawa, a ciki ɗaya. Ya yi barci kamar an jefa dutse a rijiya. Hajiya ta ce kin gani? Abin da babba ya hango… Kuma na ji daɗi. Kin ji? Na ji daɗi. Na yi barcin da na manta akwai irinsa, ba lilo, ba kiran mota, ba na tashi ina laluben ko ya buɗe ƙofa. Da safe ta ƙara masa ɗaya. Na gani. Ina naɗe tabarma.

Bai ce Maraɗi ba yau. Tun safe bai ce komai ba. Muka shiga tasha, 'yan kamasho na ihu ta ko'ina, ya wuce su kamar bai san su ba, yana jan ƙafa. Nan ne na san ba lafiya. Yaron da ake roƙo ya yi shiru, yau ni nake roƙo a raina, faɗi mana, faɗi sau ɗaya…

Ƙarar ta ƙaru. Ba kunnena ba ne. Ƙirjinsa na shiga ciki in ya ja. Yatsunsa sun kama mayafina sun murɗe, gumi ya jiƙe rigarsa. Ina ƙwanƙwasa masa a ƙarfen ƙofar mota, a hankali, yadda na gaba ba za su lura ba. Ƙwas, ƙwas. Ina nan. Ƙwas, ƙwas.

Wani mai kaki yana bin layi yana leƙa motoci. Ya iso tamu. Ya sunkuyo ta taga, daidai inda fuskar yaron take, sai ya ja da baya.

“Subhanallahi. Me ya same shi?”

“Mutanen ɓoye ne, ɗana. Wajen malam za mu.”

“Ina uwarsa?”

“Nawa ne.”

Nata ne. Ya dube ni. Yana ganin hannuna a ƙarƙashin kan yaron, yana ganin yawun a zanena, ya san ko wace ce ni, shi ma ɗan wata ne. Ina kallon maɓallin rigarsa. Faɗa masa, Na'ima. Ki ce magani ne. Ki ce asibiti. Mutum ne mai kaki, in ya ce dama Ɗantala ba zai yi hagu ba. Faɗa…

Ya tafi. Yana daka wa masu albasa tsawa, yana ture baburan da suka cushe gefe, yana yi mana hannu mu zo, mu zo. Allah ya yi wa uwarsa albarka. Ɗantala ya tofar da tsinke ya tada mota. Muna rarrafawa ta gefen kwalta, taya ɗaya a rairayi, albasa na fashewa a ƙarƙashinmu. Kowace gargada sai kan yaron ya bugi hannuna, duka jikin ke motsi tare, wuyan ba ya lanƙwasa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ke ma kina faɗin wannan, Inna. To wanne zan ɗauka? Kin ba ni biyu, ba ki gaya mani ranar da za su yi karo ba. Ke da kika binne naki ɗan farin, yayana da ban sani ba, aka ce ko hawaye ba ki yi a gaban mutane ba, har ana ba da misali da ke. Na daɗe ina alfahari da labarin nan. Yanzu ina so in tambaye ki — da yana shure-shure, kin san abin da ke damunsa? Kin sani kika yi shiru? Wa ya ba ki lada?

An ɗaga ƙarfen. Mun wuce. Rumfunan masu canji, masu shayi, masu gyaran taya, duk suna gudu baya. Ga mararraba can. Ɗantala ya kunna sigina. Ƙyat, ƙyat, ƙyat. Kibiyar hagu ce ke walƙiya a gabansa.

In an je Daddara za a tambayi sunansa da na uwarsa kafin a fara karatu. In an je asibiti za a tambayi sunansa da abin da ya sha. Ko ina sai an faɗa. Hajiya ba za ta iya ba, sunan mijinta ne. Ni ce kawai a motar nan da… ni ce kawai. Yaya ma yake a baki? Na sha juya shi a zuci, ina daka, ina wanki, amma harshena bai taɓa ɗaukarsa ba. Yana da tsawo. In na fara ya maƙale fa? In ya tafi yau bai taɓa ji daga bakina ba fa?

Leɓensa. Wannan launin na leɓensa, da haka yake?

“Zunnuraini.”

Muryar wa ce wannan? Ta yi ƙarfi. Carbin Hajiya ya tsaya.

“Zunnuraini. Ɗantala, dama za ka yi. Magani ne ya yi mashi yawa, asibiti za a kai shi. Ɗana ne.”

Birki. Motar ta tsaya a tsakiyar mararraba, na baya na danna oda. Ɗantala bai dube ni ba, Hajiya yake kallo ta gefen ido. Ita kuma ba ta juyo ba. Bayan kanta kawai nake gani, sunan mijinta na yawo a cikin mota. Sigina na nan yana ƙyat, ƙyat, hagu, hagu, ba wanda ya kashe shi.

Shi kuma…

Bai waigo ba. Ta yaya zai waigo? Shekara tara ina riƙe da sunan, sai ranar da wuyan ya kulle na kira. Likita, ga amsarki, har yanzu ban sani ba. Amma yatsunsa da ke cikin mayafina sun matsa hannuna. Sun saki. Sun sake matsawa. Sau biyu. Shi ne, Inna? Ko maganin ne ke fizgarsa?

Zunnuraini. Zunnuraini. Bakina ya ƙi rufuwa yanzu, kuma motar ba ta motsa ba…